Ranar da Na Durƙusa wa Habsu

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tafi neman Habsu ba. Har yau in abin ya faɗo mini, ko ni kaɗai ce cikin ɗaki, sai in ji na ja gyale na rufe fuska. Maigidana ya riga ya san alamar. Da ya ga ina girgiza kai, sai ya ce, "To, an koma Gidan Amumune ke nan," ya ci gaba da sauraron rediyonsa.

Bari in fara gaya muku wace ce Habsu. Lokacin da muka ci jarrabawar shiga kwaleji a Tasawa, zamanin mulkin soja na farko, yaran da suka fito daga ƙauye sai an nemar musu masauki cikin gari. Babana ma'aikacin gwamnati ne, gidanmu kuma da ɗan fili, sai aka kawo mana wata yarinya daga wani ƙauye kusa da Hawandawaki, da akwatinta na ƙarfe da tabarma a naɗe. Ranar na yi ta kumbure-kumbure don an ce ɗakina za ta zauna. Kafin wata ya ƙare, kwano ɗaya muke ci, kallabi ɗaya muke karɓa-karɓa, har Mamana ta daina kiran sunayenmu daban-daban, sai dai ta ce "ku biyun nan".

Siririya ce, doguwa, da wushirya, kuma ita ke zuwa ta ɗaya a ajinmu duk lokacin da aka yi jarrabawa. Ni kuwa ina can tsakiya, wurin da malami ba ya yaba ka, ba ya kuma dukan ka. Lissafi musamman, da ba don Habsu ba da tun shekarar farko an kore ni. A tsakar gida take koya mini, tana zana lambobi da tsinken tsintsiya cikin rairayi. (Ku riƙe wannan a ranku, don daga baya ni ce na zama malamar lissafi, na kuma yi shekaru ina ɗaga wa 'ya'yan mutane hanci.)

Wani hali nata da ya kamata ku sani shi ne iya shegantaka da fuskar salihai. Zamanin, duk sanda wani babban soja zai zo gari, sai a kwashe mu 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, a jera bakin hanya tun da hantsi, mu yi ta jira cikin rana don mu tafa in motarsa ta wuce. Muna tsaye Habsu za ta matso kusa da kunnena ta kwaikwayi Faransancin shugaban makarantarmu, yadda yake jan kalma ta hanci. Ni in tuntsire da dariya, a fitar da ni daga layi a sa ni durƙuso, ita kuwa tana tsaye ƙiƙam, ido a gaba, kamar ba ta taɓa jin abin dariya ba a duniya.

Uwarta, da muke kira Inna, takan zo lokaci-lokaci ranar kasuwa, ta kawo wa Mamana gero da busasshiyar kuɓewa da daddawa. Doguwa ce ita ma, da wushirya irin ta ɗiyarta. Ba ta yarda ta hau kujera, bakin ƙofa take zama, mu zo mu durƙusa mu gaishe ta.

Muna shekara ta uku aka yi farin nan da har gobe tsofaffi ke kwatance da shi. Damina ta ƙi, gero bai ko kai gwiwa ba ya bushe a tsaye. Mutanen ƙauye suka yi ta kwararowa bayan gari, makiyaya na sayar da saniya kuɗin da a da ba zai sayi akuya ba, sojoji na rabon jar dawar taimako ana layi tun daga bakin ofishinsu har kwanar titi. Ajinmu ya riƙa raguwa, yau babu wane, gobe babu wance. Habsu ta tafi gida hutun tsakiyar shekara, ba ta dawo ba. Akwatinta ya yi ta zama a kusurwar ɗakina. Babana ya aika wani ɗan kasuwa ya tambayo, mutumin ya dawo ya ce an ce uwarta na buƙatarta a gida. Ni a kunnena abin da na ji shi ne uwarta ta hana ta karatu. Na yi kuka, na ƙulla Inna a raina, na ce wata rana sai na gaya mata gaskiya. Shekarar da ta biyo aka ɗauke Babana daga Tasawa aka kai shi aiki wani gari, muka yi nisa, rayuwa ta ja kowa inda ta ja shi.

Shekara wajen arba'in ke nan. Bara waccan wani ɗan ajinmu, Laminu, wanda ya yi aikin likita har ya aje, ya tattara mu a wani zauren hira cikin wayar salula. Kowa na ta sa hoto ana ihu ana tsiya. (Hoton da na sa ya kai shekara goma da ɗauka, kuma na tabbata ba ni kaɗai na yi wannan dabara ba.) Wani ya ce mun shiga kwaleji soja na mulki, ga shi mun yi furfura soja ya sake dawowa, tunda komai dawowa yake yi, mu ma mu koma Tasawa mu ga juna. Aka tsayar da magana. Da ana lissafa waɗanda ba a samu ba, na ambaci Habsu. Laminu ya ce lokacin da yake aiki a garin Gidan Amumune ya taɓa ganin ta ta kawo jikarta allura, tana zaune wani ƙauye can gaba kaɗan, mijinta ya rasu, tsohuwarta ma na wurinta. Ba ta da irin salular da ake shiga zaure da ita. Nan take na ce ni zan tafi da ƙafata in gayyato ta.

Shirin da na yi kamar mai zuwa biki. Na sa aka shafe mini furfura da baƙin lalle, na ɗauko shaddata mai sitaci wadda in ina tafiya ana jin ta tun daga zaure, na ɗora baƙin tabarau. Na saya wa Habsu atamfa mai haske da man shafawa da takalmi mai tsini, don a raina yarinyar nan ce mai shekara goma sha biyar zan tarar, ta ɗan ƙara jiki kawai. Inna kuwa na saya mata goro da sabulu da bargo da man zafi na ciwon gwiwa. Ban da wannan, na shirya mata jawabi. Tun daga tashar Maraɗi har Mayahi nake bitar sa a zuci, ina gyara inda zan sassauta murya da inda zan girgiza kai.

Daga Gidan Amumune sai kabu-kabu. Hanyar rairayi ce zalla, babur na ta wutsil-wutsil, wani wuri dole in sauka in taka da ƙafa, takalmi a hannu, shadda na shan ƙasa. Da muka isa ƙofar gidan da aka nuna mana, sai da na tsaya na ba mai babur ɗin darasi kan tuƙi da ƙarfin muryata, sannan na kakkaɓe jiki na yi sallama na shiga.

Gida ne mai darnin kara, an share shi fes. Ƙarƙashin itacen bedi wata mata na zaune bisa tabarma tana ɓarar gyaɗa. Doguwa, furfura ta leƙo ta gefen kallabi, fuska ta sha rana, kumatu sun ɗan faɗa. Ta ɗago ta amsa sallama, na hango wushirya. Ai ban tsaya wani tunani ba. Ga Inna, daidai yadda na bar ta, tsufa ya ɗan taɓa ta kawai. (Malamar lissafi ce fa ke wannan tunani. Ko sau ɗaya ban ce wa kaina matar da na sani uwar 'yammata shekara arba'in da suka wuce ba za ta tsaya a nan tana jira na ba.) Na aje kaya, na zube gwiwa biyu cikin rairayi da shaddata da komai, na sunkuyar da kai.

"Inna, ina wuninku? Mun same ku lahiya? Ina gajiya, ina ƙarfin jiki?"

Matar ta kafe ni da ido. Ta aje gyaɗar da ke hannunta, ta yunƙura kamar za ta tashi, ta buɗe baki ta ce, "Ke..." Ban bar ta ta ƙarasa ba. Na ce kar su wahalar da kansu, na san ba za su gane ni ba, ido ya yi rauni kuma an daɗe. Na ce ni ce ɗiyar gidan da Habsu ta zauna a Tasawa, wadda ke karɓar musu kaya in sun zo kasuwa. Sai ta koma ta zauna a hankali, ta ja gefen mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suka fara rawa. Na ɗauka kuka take yi na tuna da. Har na matsa na dafa gwiwarta ina cewa su yi haƙuri, haka duniya take.

Can ta share ido ta ce, "Lahiya lau, ɗiyata. Sannu da hanya."

Na tambayi ina Habsu. Ta ce tana nan kusa, ba ta yi nisa ba. Na ce to madalla, kafin ta shigo bari mu gaisa sosai. Ta nuna mini tabarma, na ce a'a, ni ban isa in zauna daidai da su ba, nan ƙasa ya ishe ni. Haka na ci gaba da zama bisa gwiwoyina kamar mai neman gafara.

Na fara fiddo tsaraba. Na miƙa goro hannu biyu, na ce in haƙori ba ya iyawa a daka musu. Na miƙa bargo. Na ɗauko man zafi na yi bayanin yadda ake shafa shi, har na ce in suna so in shafa musu yanzu, ta ce a bari sai an jima. Sannan na buɗe kayan Habsu ina nuna mata ɗaya bayan ɗaya. Da ta ga takalmin ta juya shi, ta duba tsinin, ta ce anya zai shige ta kuwa. Na ce, "Haba Inna, ni fa na san ƙahwar Habsu kamar tawa." Ta ce to, tunda na sani shi ke nan. Ƙafafunta na miƙe gabana a lokacin, da faso da komai, ko kallon su ban yi ba.

Ni dai in na samu mai saurare ba na iya tsayawa. Na ba ta labarin aikina, da garuruwan da na zauna, da 'ya'yana. Na gangaro kan zamanin kwaleji. A nan ne shaiɗan ya ja ni na ce ai ni da Habsu taimakon juna muke yi, ita ta fi ni Faransanci, ni kuma nakan ɗan jawo ta a lissafi. Matar ta ce, "Ashe?" Na ce ƙwarai. Ta ce Allah ya saka mini da alheri, ba ta taɓa jin wannan ba.

Daga nan na rage murya na ce tunda yanzu duk mun girma, bari in tona wani asiri, amma kar su gaya wa Habsu ni na faɗa. Akwai wani yaro ɗan ajinmu, Laminu, da ya mutu a kan Habsu, kullum sai ya sayi ƙosai ya ba ni in kai mata, ni kuma in cinye rabi a hanya. Ta sake rufe baki da mayafi. Da ta samu numfashi sai ta ce, "Shi Laminun, har yanzu yana nan da kunnuwan nan nashi?" Gaskiya na ɗan yi mamakin yadda tsohuwar ƙauye ta san kunnuwan Laminu, waɗanda duk ajinmu ke cewa iska na iya ɗaukar sa da su. Amma sai na ce a raina, ka ga ɗiya ta gari, komai sai ta gaya wa uwarta.

Ganin hira ta yi daɗi, na ce lokacin jawabina ya yi. Na cire tabarau, na gyara durƙuso, na sassauta murya daidai yadda na shirya cikin mota. Na ce su gafarce ni, ni ɗiya ce, amma akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai. Na ce Habsu ba irin yaran da ake cirewa daga lakwal ba ce. Na ce duk ajinmu babu kamarta, waɗanda ba su kai ta ba sun zama likitoci da manyan ma'aikata, da an bar ta da yanzu ana jin sunanta a rediyo. Na ce na san an sha wuya shekarar, amma da sun daure, da ba a yanke wa yarinya gaba ba, ta ƙare a ƙauye ba a san inda take ba.

Tun ina tsakiya na lura dariyar ta tsaya. Matar ta sauke mayafin, ta sunkuyar da kai, tana juya ƙwayar gyaɗa ɗaya tsakanin yatsu. Na ce a raina magana ta shige ta. Har wani daɗi na ji, irin na wanda ya sauke kaya.

Sai wata murya ta fito daga ɗakin da ke bayanmu, siririya, tana rawa, amma da kaifi kamar sabuwar wuƙa.

"Habsu, wace mai dogon baki ce wagga da ke cewa ni na hidda ki lakwal?"

Matar da ke gabana ta juya ta ce, "Baƙuwa ce, Inna, daga Maraɗi."

Labulen ɗakin ya motsa. Wata 'yar tsohuwa ta fito tana dogara sanda tana lalube da hannu ɗaya, ta rankwafa har ta kusa ninkewa biyu, idanunta sun yi fari fat, babu haƙori ko ɗaya balle a yi maganar wushirya. Na dubi tsohuwar. Na dubi matar da na yi wa durƙuso. Na dubi man zafi da goro da ke gabanta. Jama'a, na taɓa faɗuwa gaban ɗalibai, na taɓa shiga gidan biki da zane a juye, amma ban taɓa jin abin da na ji a wannan lokaci ba. Zufa ta keto mini tun daga tsakar kai, na ji baƙin lallen nan kamar zai narke ya gangaro.

Habsu ta dube ni da fuskar nan tata ta salihai, ta kira ni da sunan da ita kaɗai ke kira na da shi a duniya saboda surutuna. Ta ce, "Zabuwa, tashi haka nan, gwiwarki za ta yi ciwo. In kuma ta riga ta fara, ga man zahi nan wata ɗiyar kirki ta kawo mini."

Ban tashi ba, don ƙafafun sun riga sun mutu. Da rarrafe na juya wajen Inna ta gaskiya, na sake sabuwar gaisuwa daga farko, wannan karon murya can ƙasa. Ba ta amsa ba sai da ta zauna, ta lalubo kunnena ta riƙe. Ta ce ta gane ni, ni ce mai cinye daddawa ɗanya in ta kawo. Sannan ta ce tunda na zo da shari'a tun daga Maraɗi, sai in zauna in ji ɗaya ɓangaren.

Ta ce shekarar farin, uban su Habsu ya kora 'yan dabbobin da suka rage ya yi kudu, aka daɗe ba labarinsa. Ita tana jego, ga ciwo ya kwantar da ita, ga ƙanana a gabanta. Habsu ta zo hutu ta tarar ana jiƙa anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci, ana ci da dussa, ƙaramin ƙanenta ko kuka ba ya iya yi. Da hutu ya ƙare Habsu ta ce ba inda za ta. Inna ta ce ta yi lallashi, ta yi zagi, har da muciya ta bi ta. Ta sa aka ɗora ta bisa motar kasuwa da ƙarfi, yarinyar nan ta sauka a ƙauyen gaba ta dawo da ƙafa, ta ɗauki tulu ta tafi rijiya kamar ba abin da ya faru. Ita ke bin layin rabon dawa, ita ke shiga daji, ita ta yi noman shekarar da ta biyo. Ɗan kasuwar da Babana ya aiko ma, Inna ba ta ko gan shi ba. Habsu ce ta tare shi a bakin gari ta ba shi amsar da ya kai mana.

"Ni da na so ta zama madam mai koyarwa," in ji Inna, tana jan kunnena, "yau ni ake biyowa har gida da ƙara. Ke da kina cin tuwo sau biyu a gidan ubanki, mi kika sani?"

Na ce ban san komai ba. Ita ce gaskiya ta farko da na faɗa tunda na shigo gidan.

Da la'asar, bayan an dama fura Inna ta koma ɗaki da bargonta (ta karɓi kayanta duka, har da man zafin, ta ce ba ta yafe ko ɗaya ba), muka zauna ni da Habsu bisa tabarma ɗaya. Na rasa ta inda zan fara ba ta haƙuri. Ta ce ita tun ina faɗa da mai babur a waje ta gane muryata, gabanta ya faɗi don murna, ta yunƙura za ta rungume ni sai ta ga na zube ƙasa. Ta ce da farko dariya ce ta kama ta, ta ce bari ta ga iya inda zan kai. Sannan ta ce, "Amma da kika yi ta Inna, Inna, sai na ce a raina, ashe haka na koma. Na ji zahi kaɗan, ba zan ɓoye miki ba."

Wannan ta fi jan kunnen ciwo. Na fara hawaye, ta ce in rufa mata asiri kar Inna ta ji ta sake fitowa. Ta ce abin da ba ta so shi ne in tafi ina jin tausayinta. Ƙanen nan da ba ya iya kuka yanzu malamin lakwal ne, yana da iyalinsa. Ɗiyarta ta fari ungozoma ce a gidan likita. Ita da matan unguwa suna matsar man gyaɗa suna kai wa kasuwa, ba ta roƙon kowa. Ta ce ba wai ba ta tunani ba. Wani lokaci in ta ji mai labarai a rediyo ya karya Faransanci takan gyara masa ita kaɗai. Amma in aka mayar da ita waccan shekarar, motar nan dai za ta sake sauka. Tana gama faɗin haka ta kai hannu ta zame mini kallabi, ta buɗa gashina ta duba tushen, ta ce, "Ke ma ga ta nan tana hitowa. Kin dai biya an rufe miki."

Kwana biyu na yi a gidan. Kafin in tafi ta yarda za ta zo taron, ni kuma na roƙe ta don girman Allah kar ta ba kowa labarin abin da ya faru. Ta ɗaga hannu ta ce ita bakinta ba zai ba da labari ba.

Ranar taro a Tasawa muka cika wani fili da aka kafa wa rumfa, masu sanda da masu tumbi da masu tabarau, kowa na kallon kowa yana kiran sunan da ba shi ba. Habsu ta zo cikin atamfar da na kai mata. Takalmin kuwa ta ce jikarta na can tana koyon tafiya da shi. Laminu na ganin ta ya rasa inda zai sa hularsa. Aka ce kowa ya tashi ya faɗi sunansa da abin da ya yi a rayuwa. Aka yi ta jin darakta kaza, shugaban kaza. Da aka zo kanta ta miƙe, ta gai da jama'a da Faransanci tsab wanda ya sa wurin ya yi tsit, sannan ta koma Hausa.

"Ni ban yi aikin gwamnati ba," in ji ta. "Noma na yi, na yi renon ƙanne da 'ya'ya. Amma Allah bai bar ni haka ba, ya ba ni ɗiya malamar lissahi. Ga ta can zaune da tabarau, yarinya mai ladabi, ba ta gaishe ni sai da durƙuso."

Ta nuna ni, ta koma ta zauna, ido a gaba. Alkawari kam ta cika, ba ta ba da labari ba. Ni aka tsare da tambaya har sai da na tashi na ba da shi da bakina, tun daga goro har zuwa kunnuwan Laminu. Akwai wanda dariya ta sa sai da aka ba shi ruwa. Daga ranar babu mai kira na da sunana cikin zauren salula, sai ɗiyar Habsu. Ita kuma duk sanda muka yi waya, kafin ta ce komai sai ta tambaya ko ina yin salla kan lokaci, ko ina jin maganar miji.

Abin da na koya shi ne shekarun da nake ɓoyewa a kaina suna nan a fili a kan tsarana, kuma mutum ba ya zama yadda ka aje shi cikin ranka don kawai ba ka je ka duba ba. Na kuma koyi kama bakina in na shiga gidan mutane, in yi sallama in tsaya sai an gaya mini wane ne wane. Kwanan baya na je ta'aziyya, na tsaya ƙiƙam gaban wata tsohuwa ina jira in ji ko tare muka yi kwaleji. Ashe kakar mai gidan da ake ta'aziyyar ce. Na ji ana raɗa cewa matar nan da girmanta ba ta da tarbiyya. Na ji su sarai. Wannan kunyar mai sauƙi ce, ina iya ɗaukar ta.